Ranar da Na Ƙi Cewa Wuta

Woomera,
14 ga Maris, 1971

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai yawa daga yayarki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da aikinki da duk wanda yake kyautata miki a can Kourou, ƙetaren teku. Ina roƙon Allah ya tsare ki daga zazzaɓin sauron da kika ce yana kayar da mutane a wurinku, ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya raba ki da kowa lafiya. Mu nan kalau muke, sai zafi da ƙudaje, waɗanda kin san su sun san ki. Makon jiya na je Port Augusta na duba Mama. Ciwon ƙugun nata ya yi sauƙi, har ta taka zuwa coci da ƙafarta ran Lahadi, ko da yake ta dawo tana faɗa da tudun nan na bakin gidan burodi kamar jiya aka kafa shi. Kawu Vern ya sayar da rabin tumakinsa saboda fari, ya ce in gaya miki idan ruwan sama ya ishe ki kamar yadda kike kuka, ki zuba masa kaɗan a ambulan. Mama ta dafa miki jam na 'ya'yan itacen quandong kwalba biyu, amma mutanen gidan waya sun ce ba sa ɗaukar kwalba zuwa ƙetare. Don haka na cinye ɗaya, ɗayar kuma na kai rabi.

Garin nan ba za ki gane shi ba. Tun da mutanen Turai suka kwashe babbar rokarsu suka koma can wurinku, kullum sai an ga motar kaya a ƙofar wani gida. Layin da ke bayan silima gidaje huɗu kaɗai suka rage da labule. A gidan ma'aikata mata ma mun koma mu bakwai, kowa da ɗakinta, amma gadonki na nan, na ce musu kaya nake ajiyewa a kai. Aikin da ya rage mana shi ne bin 'yan siraran rokokin nan na auna iska, waɗanda kafin ki gama atishawa sun ɓace. Ko fashewa ba su iya da kyau ba. Wani lokaci in na hau tasha ta tara, inda kyamararmu take, na hango wurin da Agnes take tsayawa a bakin tafkin gishiri, babu komai sai siminti, sai in ji har kewarta nake yi. Har yau ban san wanda ya laƙaba wa rokar nan sunan surukarsa ba, amma ya san abin da yake yi, domin ba a taɓa sanin ranar da za ta tashi lafiya da ranar da za ta tarwatse ba.

Wasiƙarki ta ƙarshe ta iso, shafi uku, kuma sunan Odile ya fito sau tara a ciki. Na ƙirga, na sake ƙirgawa don kada in zalunce ki. Odile ta koya miki cin kifi da barkono. Odile ta ce ki daina ɗaure gashinki. Odile ta kai ki gidan kakarta a cikin kwalekwale. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne inda kika ce ke da Odile kuna juya kyamara kamar mutum ɗaya. Shekara shida muna zaune a kan kyamara ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ƙuda ɗaya yana tashi daga hancina ya sauka a naki, ban taɓa jin kin faɗi haka a kaina ba. Kishi nake yi, Glenys, ba zan ɓoye miki ba. Ina kishin tekun da kike gani ta taga, ina kishin Faransancin da kike gwada mana a gefen takarda, ina kishin matar nan da ban taɓa gani ba. Na ma zana ta a raina, doguwa mai fararen haƙora, kuma ba na son ta ko kaɗan.

Mama ma ba ta taimaka. Kin tuna hoton da jaridar Adelaide ta buga bayan Agnes ta Bakwai, wanda aka ɗauke ki a kan kyamara kina murmushi? Ta sa shi a gilashi ta rataye a falo, daidai inda hoton aurensu da Baba yake a da. Ni ma ina cikin hoton, idan mutum ya matsa kusa. A can gefen dama akwai gwiwar hannuna da ɗan bakin rigata. Ran Asabar ina zaune Misis Kloeden ta shigo shan shayi, Mama ta ja ta har gaban hoton ta ce, "Ga autata, ita ce ta gano wa injiniyoyin Turai abin da ya gagare su." Da ta waiwayo ta ga fuskata sai ta sa yatsa a gefen gilashin ta ce, "Wannan kuma gwiwar hannun Merle ce." Misis Kloeden ta gyara tabarau ta duba ta ce, "Kai, ta kuwa fito sosai." Na yi dariya tare da su, sannan na tashi na shiga kicin na wanke kofunan da ba a sha komai a ciki ba.

To bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba don jam da tumaki na zauna ba. Kwana goma da suka wuce Mista Hockley, shugabanmu na masu kyamara, ya kira ni ofis. Ya ce takarda ta zo daga mutanenki. Watanni shidan gwajinki za su cika a Afrilu, suna so su tabbatar da ke, har su ɗora ki a kan duk masu kyamararsu ki riƙa koyar da su. Amma ya ce, "Kin san mutanen nan, Merle, ko sunansu ba sa yarda da shi sai sun gan shi a rubuce da hatimi." Suna son wadda ta zauna kusa da ke ran Agnes ta Bakwai ta rubuta musu dalla-dalla yadda kika yi kika kawar da kyamara daga wutar roka kika bi ƙaramin abin da kowa bai gani ba. Wai har suna suka sa wa abin, suna ce masa dabarar Pascoe. Na ce masa ai ni ma Pascoe ce. Ya ce, "Haka ne, amma ba ke suke nufi ba." Ya ba ni zuwa ran Juma'a ta sama. Na fito daga ofishin na san zamanki a can ko dawowarki yana cikin abin da zan rubuta.

Kafin in gaya miki abin da na rubuta, sai kin yi haƙuri kin bi ni baya. Kin tuna ranar farko da Mista Hockley ya zaunar da mu a kan na'urar nan? Ya ce ido ɗaya gare ta amma mutum biyu take so, kowa da ɗan sitiyarinta da gilashin leƙawarta, ɗaya tana juya ta hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa. Ya ba ki hagu da dama, ya ba ni sama da ƙasa. Ya ce dokar guda ce: idan roka ta fashe, mai sama da ƙasa ce take kira, kuma kalma ɗaya za ta faɗa, ta ce wuta, sai a bi ɓangaren da ke ci da wuta har ya faɗi, kada a kula da tarkace. Na yi wannan kiran sau nawa? Ran da Agnes ta Uku ta ɗaga kamar tsawon bishiya ta koma ta zauna a kan wutarta, har gilasan ofishin da ke nesa suka zube. Ran da ta Biyar ta karkata ta nufi gonakin tumaki, dole jami'in tsaro ya danna maɓalli ya tarwatsa ta a sama. Ba ki taɓa jiran kirana ya wuce ƙiftawar ido ba.

Safiyar Agnes ta Bakwai kuwa, a watan Yuni, sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Motar ta sauke mu a tasha ta tara, na ɗora ruwan shayi, na buɗe jakarki ina neman sukari, sai hannuna ya faɗa kan takardar neman aikin Kourou. Kin cike ta tsaf, kin sa hannu, kwanan watan ya nuna sati uku tana kwana a ɗakinmu ban sani ba. Da na ɗaga ta na tambaye ki, kika ce, "Yaya, da na gaya miki, ko ki hana ni, ko ki cika taki ki riga ni." Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na mayar da takardar, na rantse a raina ba zan sake ce miki uffan ba sai kin ba ni haƙuri. Kin san ni da gaba. Tun muna yara na yi kwana tara ban yi miki magana ba a kan ribon ɗin gashi, har sai da Baba ya ce zai kai ni asibiti a duba mini harshe. Haka muka hau kujerunmu, lasifika na ƙirgen daƙiƙun tashin roka, ni da ke kowa ta manna ido a gilashinta ba mai kallon wata.

Ta tashi lafiya, kin tuna. Ta ɗaga a hankali, ƙararta ta iso mana daga baya har kofin shayin ya yi ta rawa a kan akwati. Muka bi ta minti biyu da rabi tana tsakiyar gilashi. Daidai lokacin da ya kamata kashi na farko na rokar ya rabu da na biyu sai farin haske ya cika mana ido. Da ya washe, ga babban ɓangaren yana ci da wuta yana ƙara hawa ta dama, ga wani baƙin guntu yana wulwulawa yana gangarowa ta hagu. Na ji ki kina jira, Glenys. Numfashinki na ji ya tsaya. Kalmar tana kan harshena, na san ta, na faɗe ta sau da yawa, amma in na faɗa ni ce na fara magana. Na haɗiye ta. Da ba ki ji kira ba sai kika ruɗe kika ja hagu kina bin guntun, ni kuma na ci gaba da ja sama ina bin wuta. Kyamarar ta tafi inda babu wutar babu guntun, sama fetal. Daƙiƙa huɗu muka yi a haka kafin ki dawo dama da kanki, muka kamo wutar, muka raka ta har ta faɗi bayan tafki.

Bayan kwana biyu Mista Hockley ya kira ni, ni kaɗai, ga gwangwanin fim ɗinmu a gabansa, fuskar nan a murtuke. Ya ce tashoshi goma ne suka bi Agnes, tara ba su saki wuta ba, tamu ce kaɗai ta sake ta. Ya ce, "Wa ya yi kira?" Na ɗauka kora ce. Ga kuma takardarki tana ci mini rai har lokacin. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ban yi kira ba. Glenys ce ta ja mu hagu." Ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. A nan ne fuskarsa ta saki, ya buga tebur ya ce, "To ƙanwarki ta cece mu." Ashe a cikin saman nan da muka ɗauka fetal ce akwai hotuna goma sha ɗaya na zoben ƙarfen da ke ɗaure kashi na farko da na biyu, yana juyawa shi kaɗai, gefe ɗaya a tsage, maƙullinsa ɗaya bai buɗe ba. Abin da injiniyoyi suka kwana biyu suna nema ke nan a cikin hotunan wuta ba su samu ba.

Sauran kin san shi. Jarida, da hoto, da babban injiniyan nan mai gemu da ya sumbaci hannunki a gaban mutane, da amsar Kourou da ta zo kafin wata ya ƙare. Abin da ba ki sani ba shi ne wannan. Ran da na raka ki tashar jirgin ƙasa ta Pimba kika rungume ni kina kuka kika ce, "Yaya, Mista Hockley ya gaya mini ke kika ce ni ce. Ba zan manta da wannan halaccin ba." Kin sake rubuta shi a wasiƙarki ta Kirsimeti. Duk lokacin da kika faɗa sai in ji kamar in nutse. Ba kyauta na yi miki ba, Glenys. Laifi na ɗauko na jefa miki don in tsira, kuma don ki ji abin da na ji, sai ya zama alheri a hannunki. Na yi wata tara ina cizon yatsa, rabi don kunya, rabi kuwa, Allah ya gafarta mini, don da na ce ni ce da yanzu ni ke cin kifi da barkono. Ke ma dai ba ki taɓa gaya musu ba ki ga zoben ba. Na san ba ki gan shi ba, domin gilashinki da nawa abu ɗaya suke nunawa, kuma sai da aka wanke fim aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin ya fito.

Ranar da aka ba ni takardar, kafin la'asar na gama rubuta amsa. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce babu wata dabara, Glenys Pascoe ta saɓa doka ta saki wuta ta bi tarkace, zoben kuma sa'a ce ta kawo shi. Ban ambaci wadda ya kamata ta yi kira ba. Na karanta ta sau uku, kuma zan gaya miki gaskiya, daɗi na ji. Na hango ki kin sauka a Pimba da akwatinki, na hango Mama tana sauke hoton nan tana mayar da na aurensu, na hango Odile tana neman wata ta koya wa cin barkono. Na kuma hango gadonki da mutum a kai, kuma har yau ban iya raba wanne daga cikinsu ya fi ja na ba. Na liƙe ambulan na sa a jaka. Da ita na je Port Augusta, tana kan cinyata lokacin da ake nuna wa Misis Kloeden gwiwar hannuna. Sau biyu na wuce ta gaban akwatin gidan waya, ban jefa ba ban kuma yaga ba.

Ba kirki ne ya hana ni ba, Beryl Dunstan ce. Ita aka ba ni a kujerarki, matar mai gyaran firji, wadda bakinta ba ya hutawa ko lasifika na ƙirge. Ran Talata Mista Hockley ya haska mana fim ɗin 'yar rokar da muka bi, ya ce hoton yana rawa, wata biyar ke nan tasha ta tara tana kawo masa hoto mai rawa. Na buɗe baki zan ce sabon hannu ne, sai Beryl ta riga ni. Ta ce, "A'a, 'yar nan, kada ki kalle ni. Ni hagu da dama nake, ga nawa nan miƙe kamar igiyar shanya. Naki ne ke tsalle." Na duba, haka ne. Na nemi mabuɗin ɗakin ajiya na ɗauko tsofaffin finafinanmu na shekara shida, babu wanda ya yi rawa. Na zauna ina tunanin abin da ya canja a hannuna, sai na tuna ɗan gunjin nan marar kan gado da kike yi a maƙogwaro duk lokacin da roka ta tashi, wanda nake ce miki ki rufe mana baki kin cika ni da ƙarar ƙudan zuma. Ashe da shi hannuna yake juyawa. Ina ganin ni nake ɗauke da ke shekara shida, alhali ke kike daidaita mini hannu.

Wannan ya fi komai ci mini rai. Da ba ki cancanta ba da kishin ya zo da sauƙi, sai in ce sa'a ce kawai in yi barcina. Amma kin cancanta, ba don zoben ba, don abin da ba wanda ya ɗauki hotonsa. Na yaga waccan na rubuta wata. Na ce musu babu dabarar Pascoe, kada su koya wa kowa sakin wuta. Na ce hotuna goma sha ɗayan nan 'yan'uwa biyu ne da ke gaba da juna suka ɗauke su, kowa tana jan nata, kuma ni ce mai kira, na ƙi yin kira da gangan saboda fushi. Na ce da aka tambaye ni na ɗora wa ƙanwata don na ɗauka hukunci ne. Na ce a shekara shida Glenys Pascoe ba ta taɓa ɓatar da roka daga gilashi ba sai waɗannan daƙiƙa huɗu, kuma ita ta dawo da mu kan wuta ba tare da an gaya mata ba. Na ce idan masu koyarwa suke nema ba za su sami kamarta ba, su saurari maƙogwaronta in roka ta tashi. Na ƙara da cewa idan suna son wani zoben, su ware kyamara ɗaya cikin goma ta riƙa kallon inda ba kowa ke kallo, wannan shawarar kuma tawa ce, su rubuta Merle.

Mista Hockley ya karanta a gabana, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Kin san wannan za ta iya dawo da ita gida duk da haka? Mutanen nan labarin suka saya." Na ce na sani. Ya ce kuma ba zai iya barin kira a hannun wadda ta riƙe shi saboda fushi ba. Na ce wannan ma na sani. Ya buga hatimi, takardar ta tafi ran Juma'a, kwafinta na nan cikin ambulan ɗin nan don ki karanta kafin su kira ki. Tun daga ranar an musanya mana kujera, Beryl ce ke sama da ƙasa, ita ke kira. Ta ce in kwantar da hankalina, ba a taɓa kama ta da laifin shiru ba. Ni kuwa ina zaune a kujerarki ina koyon hagu da dama ina da shekara talatin da huɗu, kuma kujerar ta lotsa daidai jikinki, ba ta karɓe ni ba tukuna.

Ban san abin da za su yanke ba. Wataƙila na jawo miki asarar abin da kika fi so a duniya, bayan na riga na ɓata miki halaccin da kike taƙama da shi. Idan kika yi fushi kina da gaskiya, sai dai ina roƙon ki kada ki yi irin nawa, ki rubuto ko zagi ne. Idan sun tambaye ki, ki gaya musu ba ki ga zoben ba, za ki ji nauyi ya sauka. Idan sun dawo da ke, gadonki na nan, zan kwashe kayan. Idan sun riƙe ki, to zan ci gaba da kishinki daga nan, kada ki sa ran na warke, domin ko yanzu da nake rubutun nan in na tuna kwalekwalen kakar Odile sai ya dawo mini sabo. Abu ɗaya za ki gaya mata daga gare ni. Ko me ya haɗa ku, ko saurayi ne ko sukari, kada ku taɓa hawa kujerun nan ba kwa magana. Ku tsaya a ƙasa ku zagi juna tas, sannan ku hau.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa hula a rana kuma ki aiko da hoto wanda ba kyamara a gabanki. Ban gaya mata komai ba tukuna, ran Asabar zan je in faɗa mata da bakina, a gaban hoton. Kawu Vern da Gwaggo Dulcie suna gaisuwa, haka su Trevor da matarsa da jaririyarsu da aka sa wa suna Coral. Mista Hockley ya ce a gaishe da idon tasha ta tara. Beryl ma ta ce a gaishe ki ko da ba ki san ta sosai ba, wai ta ji labarinki har ya ishe ta. Ki gaishe mini da Odile, gaisuwa ɗaya, kada ki ƙara mata komai a kai.

Saura abu ɗaya da yake bakina tun watan Yuni. Ya makara da wata tara, amma naki ne, kuma ni ce na fara magana. Wuta, Glenys. Ki bi ta, kada ki waiwayo hagu saboda ni.

Yayarki mai gwiwar hannu,
Merle